Dutse mai rai ya narke mini a taga, wa ya san kan wannan shukar?

Ummu Hanan (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu hannun shuka a cikinmu ku kawo mini ɗauki. Farkon Disamba na sayi wasu 'yan tsirrai guda uku a mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, duka a tukunyar roba ɗaya da ba ta wuce kofin shayi ba. Ba reshe, ba ganye irin wanda muka sani. Kowanne kamar an binne ƙafar ɗan akuya an bar kofaton a waje, toka-toka da zane a ka. Mai sayarwa ya ce sunansu dutse mai rai, kuma ba sa son ruwa da yawa. To ni duk Juma'a nake ba su rabin finjali, har ina ganin na yi musu rowa. Shekaranjiya na ga ɗaya ya yi haske kamar an dafa shi, ina sa yatsa ya fashe, wani ruwa mai wari ya fito kamar na ruɓaɓɓen tumatir. Na biyun kuma tsagar tsakiyarsa sai ƙara buɗewa take yi, gefensa duk ya yi tamoji. Na ukun yana nan yadda yake. Ƙishi ne ke damun na biyun in ƙara masa ruwa, ko cutar ɗan uwansa ce ta kama shi?

Direban Ɗa'ifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shukar hamada kika kulle a ɗaki tana shan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ai dole ta narke. Ki hau da su sutuhi, wato saman bene, su sha rana su yi ƙwari. Irin waɗannan abubuwan a kan dutse muke ganinsu, ba mai kula da su.

Abu Yasir (Riyad): Ummu Hanan, kada ki ƙara ko ɗigo, kuma kada ki kai su sutuhi tukuna. Shekarata tara ina aiki a mashtal, na zubar da gawar wannan shukar ta fi a ƙirga. Abu biyu nake so ki duba mini. Ki haska cikin tsagar na biyun ki faɗa mini abin da kika gani. Sannan ƙasar da ke cikin tukunyar, wace iri ce?

Ummu Hanan (Jidda): Na haska da fitilar waya. Ikon Allah, akwai wani ƙarami a ciki, irinsa sak, sabo ful yana sheƙi. Ƙasar kuwa baƙa ce mai laushi kamar soso, kuma har yanzu da danshinta tun ruwan Juma'a.

Abu Yasir (Riyad): Alhamdu lillahi, to na biyun lafiyarsa lau, sauya riga yake yi. Abin da kike gani kamar kofato ganye ne guda biyu da suka kumbura da ruwa suka manne a ƙasa. Sau ɗaya a shekara, daga sanyi zuwa farkon bazara, sabbin ganye biyu suke tasowa daga ciki, kuma ruwan tsofaffin suke tsotsa har su bar su kamar ɓawon albasa. Tamojin nan da ya tayar miki da hankali shi ne shaidar aikin yana tafiya. In kika ba shi ruwa yanzu, tsofaffin za su sake cika su ƙi bushewa, sababbin su rasa hanyar fita, wani lokaci jikin ya fashe, daga nan sai ruɓa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sunansa na littafi Lithops, kuma ba ɗan nan ba ne. Asalinsa Namibiya da Afirka ta Kudu, da ɗan ɓangaren Botswana. Baƙar ƙasar nan ita muke kira bitmos a wurin aiki. Masu renonsu a Turai, musamman Holan, da ita suke turo su saboda ba ta da nauyi, kuma su suna da ɗakunan gilashi da suke juya zafi da iska yadda suka ga dama. A taga a Jidda, inda iskar kanta a jiƙe take, soson nan sai ya yi kwana goma bai bushe ba. Kin ga kafin ruwan wannan Juma'ar ya tafi, na waccan ya iso.

Baban Usama (Makka): Ni fa ina karantawa ina mamaki. Shukar da ba a ci, ba ta inuwa, ba ta magani, akuya ma in ta gani wucewa za ta yi ta zaci tsakuwa ce. Riyal nawa kika ba da, Ummu Hanan? Da zogale kika dasa a bokiti da yanzu kin yi kwaɗo sau uku.

Ummu Hanan (Jidda): Riyal 25 ne duka, Baba. Kuma zogale a shugga, gidan bene hawa na huɗu, taga ɗaya, ina zan kai shi? Tun da muka tashi daga tsohuwar unguwarmu lokacin rusau na rabu da tsakar gida. Wannan ɗin shi ne abin da tagar za ta iya ɗauka.

Baban Usama (Makka): Allah sarki, haka ne 'yata. Ban yi tunanin wannan ba. Amma dai ina nan a kan bakana, na'ana'a ma tana zama a taga.

Malam Ƙarami (Madina): Baba, maganar akuyar da ka yi cikin wasa ita ce ainihin sirrin shukar. Kamar da ta yi da duwatsun da take zaune a cikinsu ita ke ɓoye ta daga dabbobi masu ƙishi. Har mutum ta ruɗa. Baturen Ingila William Burchell, a 1811, a yankin Prieska na Afirka ta Kudu, ya sunkuya ya ɗauki abin da ya zaci wata tsakuwa ce mai ban sha'awa, sai ya ji tana da saiwa. Sunan Lithops kuma wani masanin tsirrai N. E. Brown ne ya raɗa a 1922, daga kalmomin Girkanci biyu, dutse da fuska. Mutanen can ma da kofaton shanu suke kwatanta ta a harshen Afirkans, kin ga idonki da nasu ya zo ɗaya, Ummu Hanan.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen kan. Jikin shukar a binne yake cikin ƙasa don gudun zafi, to ta ina haske zai shiga? Saman nan mai zane kamar gilashin taga ne, haske yana ratsa ruwan da ke cikin ganyen ya sauka har inda koren yake a ɓoye. Subhanallah.

Direban Ɗa'ifa: To ai maganata ce ta fito. Haske take so. A kai ta rana.

Abu Yasir (Riyad): Haske daban, ranar Hijaz daban, ɗan uwa. Mutane suna jin an ce hamada sai su ɗauka duk hamada ɗaya ce. A garinsu rana tana zafi, amma dare yana yin sanyi sosai, jikinsu kuma a cikin ƙasa yake. A nan fa? 'Yar tukunyar roba a kan siminti, rana ta gasa ta ta sama, siminti ya gasa ta ta ƙasa. Kun manta Hajjin 2024, da ma'aunin zafi ya nuna digiri 51.8 a Harami? Ka ɗora wannan abin a sutuhi a irin ranar nan, kafin la'asar ya zama dafaffen ƙwai. Na gani da idona: fari fat yake komawa, washegari ya zube.

Kuma akwai wani abu. Irin waɗannan tsirrai da rana rufe ƙofofin numfashinsu suke yi don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi sanyi su buɗe su shaƙi iska su ajiye, gari ya waye su haɗa abinci da ita. In dare ya ƙi sanyi, kamar Agusta a Jidda ko Makka, sai su rufe harka gaba ɗaya su kwanta. Shukar da ke barci ba ta sha. Ruwan da ka zuba mata sai ya tsaya a saiwa cikin zafi, ka dafa ta da hannunka. Don haka mukayyif da kake zargi, in dai ba yana busa ta kai tsaye ba, taimakonta yake yi.

Ɗan Mai Wurno (Dammam): Gaskiyar Abu Yasir ne a kan hamada ba ɗaya ba. Mu a Sudan, wanda ya taɓa hawa Arkawit, can saman duwatsun Bahar Maliya kusa da Sinkat, ya san haka. Ƙasa da dutsen ƙurmus, amma a sama hazo mai laima yana tasowa daga teku lokacin sanyi ya lulluɓe wurin, ka ga manyan itatuwa dangin ƙerana sun miƙa hannuwa sama. Ruwan sama kaɗan ne, hazon ne ke shayar da su. Wasu daga cikin duwatsun nan masu rai ma da ke gaɓar Namibiya haka suke rayuwa, da hazo da raɓa. Ba wai ba sa shan ruwa ba ne, yadda yake zo musu ne ba irin na buta ba.

Direban Ɗa'ifa: To na ji. Amma mu a Ɗa'ifa barshumi, tsiron nan mai ƙaya da ake cin 'ya'yansa, a fili yake, ba mai yi masa labule, kuma duk bazara ga 'ya'yansa nan tuli a bakin hanya.

Abu Yasir (Riyad): Ɗa'ifa ai tudu ce, ta haura mita 1,800, darenku da sanyi ko a Yuli. Shi kuma barshumi ƙato ne, asalinsa Meziko, ba danginsu ɗaya da wannan ba sam. Larabawa ne suke haɗa su duka su ce sabbar. Da Ummu Hanan a Ɗa'ifa take da na ce ta ajiye a waje ƙarƙashin rumfa.

Maman Ikram (Jidda): Ni sutuhi ba rana ce ta cuce ni ba, ruwa ne. Ranar 24 ga Nuwamba 2022, da aka yi ruwan nan da aka auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari, ina da tukwane goma sha ɗaya a sama. Na yi wayo na sa musu faranti a ƙasa don kada su ɓata wa mai gida siminti. Ruwan ya hana ni fita, kwana biyu ban hau ba. Da na hau, kowace tukunya tana zaune cikin tafkinta. Cikin mako guda takwas suka tafi. Waɗanda suka tsira su ne uku da ke cikin tukunyar ƙasa, su ma don farantansu sun ƙare ne ban sa musu ba. Tun daga ranar na rabu da roba da faranti.

Amma Abu Yasir, ni ban yarda a taɓa na biyun yanzu ba. Mai naƙuda ake tayarwa a sauya mata ɗaki? A bar shi ya gama.

Abu Yasir (Riyad): Da ƙasar a bushe take da na bi bayanki, Maman Ikram. Amma ɗan uwansu ya ruɓe a cikin tukunyar nan, ruwansa ya shiga soson, saiwoyinsu kuma a cuɗe suke. Barinsu ya fi tayar da su haɗari. Shi mai sauya rigar ma a yanzu ba da saiwa yake ci ba, guzurinsa yana jikinsa.

Ummu Hanan, ki matsa robar ta gefe ki zazzage su a tafin hannu. Ki cire gawar da duk ƙasar da ta taɓa. Da tsinken sakace ki ɓanɓare baƙar ƙasar daga saiwa a hankali. Za ki ga wata saiwa mai kauri ta miƙe ƙasa kamar ƙaramin karas, ita ce ran, kada ki karya ta. Ƙananan gashin da ke jikinta ko sun tsinke ba komai, za su sake fitowa. In kin ga wuri ya yi baƙi ko laushi ki yanke da reza mai tsabta. Sai ki shimfiɗa su a kan takarda a inuwa, kwana uku. Ba abin da zai same su.

Hajiya Babba (Makka): Jikata ce take rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. 'Yata Ummu Hanan, in kin yanke ki barbaɗa toka ko garin gawayi a wurin, haka muka gada. Ni ban san dutsenku ba, amma ina da karan masallaci a gwangwanin madara a bakin ƙofa, ya girmi duk wanda ya yi magana a nan in ban da Baban Usama. Mahaifiyata ce ta taho da shi daga gida, zamanin da ake biyowa ta Sudan a hau jirgin ruwa a Sawakin. 'Yan sanduna uku ta ƙunshe a tsumma ta cusa cikin kayanta. Ta ce da ta kwance su sun motse kamar busasshiyar kuɓewa, ta dai soka su a yashi don kada ta zubar, sai ga su sun tashi. Gwangwanin ya ci tsatsa na sauya ya fi sau goma, shukar tana nan. Ba na ba shi ruwa sai na ga haƙarƙarinsa ya fito. In ya ƙoshi kusurwoyinsa huɗu cike suke, in ya ji ƙishi sai tsakaninsu ya lotsa. Shi ke gaya mini, ba ni ke gaya masa ba.

Ummu Hanan (Jidda): Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Hajiya. Wallahi rabona da jin sunan karan masallaci tun ina yarinya. Akwai shi a bayan ɗakin kakarmu, in ya yi fure ƙudaje su yi ta taruwa.

Malam Ƙarami (Madina): Ƙudajen aiki suke yi masa. Furen danginsa wari yake yi kamar nama ya lalace, ƙuda ya zo neman wurin ƙwai, ya kwashi garin fure ya kai wa wani. Abin da zai ba ki mamaki, Hajiya, dangi ɗaya ne da tumfafiya da kariya. In ya yi 'ya'ya za ki ga ƙaho biyu, su bushe su fashe, iri ya fito da farin gashi iska ta ɗauke shi, kamar dai na tumfafiya. Sunansa na littafi Caralluma dalzielii, an sa masa sunan Dalziel, wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa aka buga a 1916.

Hajiya Babba (Makka): To, shi Baturen a wurinmu ya ji sunan, sai kuma aka ba shi shukar.

Baban Usama (Makka): Kin gama magana, Hajiya. Kuma kun ga wannan ita ce shuka, aƙalla ana magani da ita.

Direban Ɗa'ifa: Kariya kuka ce? Ai in na yi lodin Jizan nakan gan su a gangaren duwatsu, gindi kamar tulu, fure ja-ja a kan rassa ba ganye. Hajiya Ummu Hanan, ki bar wahalar tsakuwar nan, in na sauka mako mai zuwa in haƙo miki ƙarama guda.

Abu Yasir (Riyad): Kul, ɗan uwa. Dokar muhalli da aka fitar a 2020 ta hana tumɓuke tsirran jeji, akwai tara, akwai kuma jami'an tsaron muhalli da ke sintiri. Kada garin kyauta ka jawo wa iƙamarka, takardar izinin zamanka, magana. Ban da haka, wadda aka haƙo daga dutse da wuya ta rayu, saiwarta a cikin tsagar dutsen take karyewa. Ta mashtal da aka rena daga iri tana nan da araha. Kuma mai yara ƙanana ya sani, ruwan jikin kariya guba ne.

Direban Ɗa'ifa: Na janye. Birai na hanyar Hada ma sun ishe ni rigima.

Ummu Hanan (Jidda): Na zazzage su kamar yadda aka ce. Saiwar na ukun fara ce tas. Ta na biyun akwai ɗan baƙi a gefe, na yanke na sa garin gawayin turare. Yanzu wace ƙasa zan nema? Mai gidan ya ce zai ɗebo mini yashi a bakin teku.

Abu Yasir (Riyad): Ki ce masa ya huta, gishiri ne zalla. Jan yashin nan namu na Sumama, bayan garin Riyad, ma bai yi ba, ya cika laushi, in ya jiƙe sai ya dunƙule ya hana iska shiga. Tsakuwa kike so, daga girman ƙwayar dawa zuwa ta masara. Ki tambayi dutsen burkani, wato na aman wuta, a mashtal, ja ko baƙi, mai ƙananan ramuka kamar soso amma ba ya riƙe ruwa ya kwana. Ki tankaɗe da rariya, ki wanke ƙurar, ki shanya. Kashi takwas na wannan, kashi biyu na ƙasar shuka. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi, zurfinta kamar santimita 10 saboda doguwar saiwar nan. Ki binne saiwar da ɗan gindin, ki kewaye wuyan da tsakuwa zalla. Taga mai kallon gabas, hantsi na awa huɗu ko biyar. In hasken ya yi kaɗan za ki ga ya miƙe ya yi tsawo kamar yatsa, launinsa ya koɗe.

Malam Ƙarami (Madina): Dutsen burkani kam mu muke zaune a kansa. Madina tsakanin harra biyu take, wato filayen baƙin dutse, baƙaƙen duwatsun nan duk aman wuta ne. Na ƙarshe da ya ɓarke kusa da gari a 654 ne bayan Hijira, wato 1256, malaman tarihi sun rubuta shi.

Maman Ikram (Jidda): Sauran maganar ruwa. Ni da sirinji nake ba nawa, ɗigo biyar ko shida duk mako biyu, kuma ban sake asara ba.

Abu Yasir (Riyad): Nan ma za mu saɓa. Ɗigo shida saman tsakuwa kawai yake jiƙawa, saiwar tana can ƙasa ba ta gani ba. Da soson bitmos dabararki tana aiki, don tana hana shi jiƙewa. Amma in ƙasar tsakuwa ce, ranar sha a sha sosai: ki zuba da yamma har ya fito ta huda, ya tsiyaye, cikin kwana biyu ko uku ya bushe ƙaƙas. Ki soka tsinken tsire har gindi, in ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, da saura. A nan ƙasar lokacin shansu biyu ne. Bayan tsohuwar riga ta bushe, wajen Afrilu, sau ɗaya ko biyu. Sai kuma in zafi ya karye, Oktoba da Nuwamba, lokacin da suke fure. Tsakiyar zafi a ƙyale su, sai fa in saman ya lotsa gefen ya yi tamoji sosai alhali ba sauya riga ake ba, sannan a ɗan jiƙa. Daga Disamba kuma a ɗauke buta.

Maman Ikram (Jidda): A Riyad ne yake bushewa kwana biyu, malam. Ku da wanki ke bushewa kafin a gama shanya. Zo Jidda a Satumba ka ga gilashin mota yana gumi.

Abu Yasir (Riyad): Wannan kuma kin fi ni gaskiya. To ku ƙara tsakuwar ta kai kashi tara, ku jinkirta ruwan kaka har laimar ta sauka. Amma sirinji dai ban sallama ba.

Baban Usama (Makka): Tun da abin ya zama na jinya, a ba shi zamzam mana.

Malam Ƙarami (Madina): Baba, zamzam a bar wa masu hanta su sha.

Abu Yasir (Riyad): Ruwan da ya fi musu yana ɗiga a bayan ɗakinku kyauta. Ruwan mukayyif kusan ba gishiri a cikinsa, ku tara a gora. Na famfo in ya daɗe yana barin farin gishiri a bakin tukunya. Taki kuwa kusan ba sa buƙata, in an cika musu sai su yi ƙiba su fashe.

Ummu Hanan (Jidda): Fure fa? Ni ban san suna yi ba.

Maman Ikram (Jidda): Suna yi, in sun kai kamar shekara uku. Daga tsagar yake fitowa, fari ko rawaya, wani har ya rufe shukar gaba ɗaya. Ba ya buɗewa sai bayan azahar, magariba ta yi ya rufe, gobe ya sake, kwanaki kaɗan. Nawa guda ya yi bara, na kira maƙwabciyata da safe ta zo gani muka tarar da shi a tsuke, ta yi ta yi mini dariya. Mai haƙuri dai shi ke dafa dutse, mu namu fure yake yi.

Ummu Hanan (Jidda): Jama'a na dawo, yau kwana biyar. Na dasa su jiya a tukunyar ƙasa. Amma na gano wani abu, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Da asuba na fito na tarar da Hajiyarmu, mahaifiyar mai gidan, tsaye a taga da buta. Allah ya sa na riga ta. Ashe tun ranar da na kawo su, kullum in ta idar da alwala sai ta tsiyaya musu ragowar. Ta ce tausayi suke ba ta, wai ta ga na bar bayin Allah da ƙishi daga Juma'a sai Juma'a. Ni ina ta zargin rabin finjalina. Yanzu ta yaya zan ce wa surukata ta daina aikin lada?

Abu Yasir (Riyad): Wata biyu kullum, kuma biyu suka rayu? Waɗannan ki riƙe su da kyau, jarumai ne.

Hajiya Babba (Makka): Kada ki hana ta, 'yata, ba a yi wa babba haka. Ki sayo tukunyar na'ana'a ki ajiye kusa da inda take alwala, ki ce Hajiya ga wannan na kawo miki, ni ta ƙi hannuna. Ita na'ana'a ko sau biyar aka ba ta sha za ta yi. Duwatsun kuma ki mayar da su tagar ɗakinki.

Baban Usama (Makka): Na'ana'a dai. Me na ce tun farko?

Ummu Hanan (Jidda): Ka ci gari, Baba. Tagar ɗakina yamma take kallo amma, Abu Yasir, ya zan yi?

Abu Yasir (Riyad): Zuwa ƙarshen Maris ba matsala. Daga nan ki sa farin labule marar kauri tsakaninsu da gilashin, ki ja tukunyar baya kamar taƙi ɗaya. Ki riƙa leƙa wuyansu, in kin ga wani fari kamar auduga ƙwaro ne, ki dangwala masa sibirto, wato sifirit na goge ciwo, da auduga a tsinke.

Hajiya Babba (Makka): In kun shigo Umra kafin azumi ki biyo ta unguwarmu Hindawiyya in karya miki karan masallaci sanda biyu. Ki bar su kwana huɗu bakin ya bushe kafin ki soka. Ki taho da gwangwaninki, nawa duk da shuka a ciki.